Jenshiyan, Furen Da Ke Ba Da Shaidar Ƙasar Da Garma Ba Ta Taɓa Ba

A tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa, daga kudancin lardin Manitoba na Kanada har gangarowa Teksas, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda a da ciyawa ce ke mulkinta. Mutanen can suna kiran irin wannan fili fireri. Gefensa na gabas, inda ruwan sama ya fi sauka, shi ne na dogayen ciyayi, waɗanda a shekara mai albarka sukan shanye tsayin mutum. Babbar ciyawar wurin ma 'yar ɗakin gambarmu ce da ake saƙa zana da ita, domin masana tsirrai sun sa su gida ɗaya mai suna Andropogon. A tsakanin wannan ciyawa furanni iri-iri ke karɓa-karɓa tun daga watan Afrilu, wannan ya faɗi wancan ya tashi. Kafin ƙarshen Satumba galibinsu sun tattara nasu ya nasu, ciyawa ta yi ja, sanyin asuba ya fara daskarar da raɓa. A lokacin ne jenshiyan ke fitowa, tana cikin 'yan autan furannin shekara.

Duk wanda ya gan ta launinta zai fara magana a kai, don shuɗinta mai zurfi ne ƙwarai, ba kasafai ido ke cin karo da irinsa a daji ba. Masu binciken tsirrai a jihohin Ilinoyi da Ayowa da Wiskonsin kuwa wani abu dabam ke tsayar da su cak idan sun gan ta, wato labarin da take bayarwa game da ƙasar da ke ƙarƙashinta. In ka tarar da wani nau'in jenshiyan ya tsiro da kansa a wani fegi, ba wanda ya shuka shi, to da wuya a ce garma ta taɓa ratsa wurin. A yankin da aka nome kusan kowane taku, wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Dangin jenshiyan manya ne, nau'o'insu a duniya sun kai ɗaruruwa, kuma mafi yawansu 'yan tsaunuka ne masu sanyi a Asiya da Turai. Kaɗan ne suka sauko filin ciyawar Amurka, uku kuma daga cikinsu suka fi shahara. Ta farko ita ce mai gashi, wadda masana ke kira Gentiana puberulenta saboda ɗan laushin gashin da ke jikin karanta, wanda sai ka kai ido kusa za ka gani. Gajera ce, da ƙyar take wuce gwiwa, sau da yawa ma jingina take yi da ciyawar da ke kusa da ita. Tudu take so, inda ruwa ba ya kwanciya. Furenta mai kunnuwa biyar yakan buɗe sosai idan rana ta fito, ya rufe da yamma ko in gari ya yi lumshi. Ita ce babbar mai ba da shaidar da na ambata. Ta biyu ita ce mai kwalba, Gentiana andrewsii, 'yar fadama da dausayi. Ta uku fara ce, mai ɗan ratsin ɗorawa, takan riga sauran fure da 'yan makonni, kuma ta fi su haƙuri da wahala. Inda biyu daga cikinsu suka yi maƙwabtaka sukan yi auratayya, a sami 'ya'ya masu launi tsaka-tsaki da kan rikita har ƙwararru.

Mai kwalbar ta cancanci a tsaya a kanta. Furenta ba ya buɗewa ko sau ɗaya a rayuwarsa. Baƙo zai ɗauka ƙulli ne da ke jiran gobe, ya dawo bayan mako ya same shi yadda ya bar shi. Kunnuwan furen a haɗe suke da wata fata mai ninki-ninki, bakin kuma a tsuke yake gam. Ƙananan ƙwari su zo su zagaya su haƙura. Wanda ke da ƙarfin shiga shi ne wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi da ake kira bambulbi. Yakan sauka a kan furen, ya laluba bakin, ya cusa kai, ya sa ƙafafun gaba ya ɓamɓare ninkin, sannan ya kutsa da ƙarfin tsiya. Wani lokaci ƙafafun baya da ɗuwawu ne kawai za ka hango a waje suna motsi, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya, sai dai ka ga furen yana kumbura yana rawa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya fito, jikinsa buɗu-buɗu da garin fure, ya nufi na gaba.

Cinikin ya yi wa kowa daɗi. Ƙudan yana samun ruwan zaƙin da ba mai yi masa tarayya a ciki, a lokacin da abinci ya fara ƙaranci, musamman sababbin sarauniyoyin da dole su tara kitse kafin su shige ƙasa su yi barcin hunturu. Furen kuma yana samun ɗan aike mai aminci, wanda tunda ya sha wuyar koyon buɗe wannan ƙofa zai ci gaba da bin irinta, ya kai garin daga jenshiyan zuwa jenshiyan. Ga kuma wata baiwa: bambulbi yana iya ɗumama jikinsa ta hanyar karkaɗa naman fikafikansa, ya tashi aiki da sanyin safiyar Oktoba lokacin da sauran ƙwari suka sandare. Furen da ya zaɓi fitowa a ƙarshen shekara ba shi da wani abokin ciniki da ya fi wannan. Sai dai akwai 'yan fashi, wasu ƙudajen sukan huda furen ta gefe su tsotse zaƙin ba tare da sun yi aikin barbara ba.

Mutane sun san amfanin wannan dangi tun da daɗewa, kuma ɗacin saiwar ne ya jawo su, kamar yadda ɗacin maɗaci ya sa ake jiƙa shi a ƙasarmu don gyaran ciki. A Turai saiwar wata babbar jenshiyan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a tsaunukan Faransa da Siwizalan ta daɗe tana shiga magungunan buɗe ciki, kuma ɗaya daga cikin sinadaranta na sahun gaba a ɗaci cikin duk abin da aka sani a tsirrai. A filin ciyawar Amurka ma, wani mai bincike, Melvin Gilmore, ya rubuta a 1919 cewa ƙabilun Dakota da Winebago suna dafa saiwar mai gashi su sha don ƙarin ƙarfin jiki. Akwai wani abu kuma da ya kamata a raba shi da wannan. Ruwan nan mai launin shunayya da ake shafa wa gyambo ko bakin jarirai a asibitocinmu, wanda ake ce wa GV, sunan furen nan yake ɗauke da shi, amma ko ɗigon tsiron babu a cikinsa. Rini ne da aka haɗa a masana'anta tun ƙarni na 19, launi kawai ya haɗa su.

To me ya sa fure mai irin wannan dabara ya zama abin nema ruwa a jallo? Amsar tana cikin abin da ya sami gidansa. Hukumar kula da gandun daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa fireri mai dogayen ciyayi ya taɓa mamaye eka miliyan 170, yau kuma abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wannan ɗan ragowar ma mafi yawansa yana tuddan Filint na jihar Kansas, inda duwatsu suka yi kusa da sama har garma ta kasa shiga, aka bar wa masu shanu. A jihohin da ƙasarsu ke da zurfi lissafin ya fi muni. Ayowa ta rasa fiye da kashi 99 cikin 100. Ilinoyi, wadda har yau kirarinta jihar fireri, tana da kimanin eka miliyan 22 a farkon ƙarni na 19, abin da ya rage mai kyau kuwa bai wuce eka 2,500 ba.

Albarkar ƙasar ce ta ja mata. Shekaru dubbai saiwoyin ciyawa suna nutsawa ƙasa suna mutuwa suna ruɓewa, suka bar baƙar ƙasa mai taki wadda ba ta da na biyu sai kaɗan a duniya. Turawan da suka fara isa sun sha wuya da ita, domin saiwoyin sun sarƙe, ƙasar kuma tana manne wa bakin garmarsu, manomi ya yi 'yan taku ya tsaya ya kankare. A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere a ƙauyen Grand Detour na Ilinoyi ya ƙera bakin garma da ƙarfen zarto mai santsi, ƙasa ta daina kama shi. A 1862 gwamnati ta yi dokar ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160. Kafin nan da bayan nan an yi ta korar 'yan asalin ƙasar daga mazauninsu, an karkashe ɓaunar Amurka da ake lissafawa da miliyoyi har ta koma 'yan ɗaruruwa. Fadamun da suka gagara, inda mai kwalba ke zaune, aka binne bututun yumɓu a ƙarƙashinsu aka tsotse ruwan. Cikin abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba, tekun ciyawa ya koma tekun masara, daga baya waken suya ya shigo.

Ba na ganin adalci ne a zagi manoman da suka yi wannan aiki, mutane ne da ke neman abin sawa a baka, kuma gonakin nan suna ciyar da duniya har gobe. Abin tambaya shi ne yadda za a yi da ɗan abin da ya tsira. Shi ma bai tsira don wani ya yi niyya ba. Ya tsira ne a wuraren da garma ta kasa kai ko ta ji kunyar shiga: gefen layin dogo, gangaren tudu mai tsakuwa, kusurwar gonar da ake bari don yankan ingirici, da kuma tsofaffin maƙabartun Turawan farko. Robert Betz, malamin jami'a a Shikago, ya shafe shekaru tun wajajen 1960 yana bin irin waɗannan maƙabartu a ƙauyukan Ilinoyi da Indiyana. An killace su tun kafin a nome kewayensu, saboda haka tsakanin duwatsun kaburbura akwai eka ɗaya ko biyu na asalin ƙasar, masara ta kewaye ta ta ko'ina. Aikinsa ya haɗa da lallashin masu kula da wuraren su daina aske ciyawar kowane mako. Inda suka yarda, tsirran da aka yi shekaru ana datse musu kai suka miƙe daga tsofaffin saiwoyinsu.

A wannan yanki ne aka fito da ma'aunin da ya ba jenshiyan matsayinta a hukumance. Floyd Swink da Gerould Wilhelm, a littafinsu na tsirran yankin Shikago, sun ba kowane tsiro ɗan ƙasa maki daga 0 zuwa 10. Mai 0 shi ne wanda zai fito ko'ina, ko a bola ko a gefen titi. Mai 10 shi ne wanda ba ka samunsa sai a wurin da bai taɓa lalacewa ba. Jenshiyan mai gashi tana can ƙololuwar wannan ma'auni. Yau jihohi da yawa suna amfani da shi wajen tantance darajar fili kafin a saye shi don adanawa ko a ba da izinin gini a kai.

Dalilin wannan tsirfa tata a bayyane yake idan aka bi rayuwarta daga iri. A ƙarshen Oktoba ko Nuwamba kwanson ya bushe ya tsage biyu, ƙwayoyin da ke ciki ƙanana ne ƙwarai, falan-falan, kowace da ɗan fiffike mai kama da takarda, numfashi ma ya isa ya watsar da su. Ƙwaya mai wannan ƙanƙanta ba ta da guzuri. Dole ta faɗi a saman ƙasa inda haske zai same ta, dole ta sha sanyi da danshi na kimanin wata biyu kafin ta farka, kuma idan ta tsiro, shekarar farko 'yan ganyaye ne da ba su kai farce ba. Tana kuma dogara da wasu zarurrukan halitta dangin naman kaza da ke cikin ƙasa, masu shiga saiwarta su kawo mata abinci, waɗanda noma da takin zamani kan tarwatsa. Sai ta yi shekaru kafin ta yi furen farko. Bayan nan tana iya daɗewa sosai a wuri ɗaya. Tsiro mai irin wannan tafiyar hawainiya, garma ta bi ta kansa sau ɗaya an gama, kuma in babu wani fegi kusa da zai aiko da iri, ba mai dawo da shi.

Sai dai killace fili a sa masa waya a tafi ba ya cetonta. Wannan ne darasin da ya fi ba masu adana daji wuya, domin ruwan saman gabashin fireri ya isa ya raya kurmi. Abin da ya hana itatuwa cinye shi tun fil azal wuta ce, wadda tsawa kan tayar, amma galibi mutane ne ke kunna ta. Ƙabilu irin su Osej da Kansa da Potawatomi sun yi ta ƙona filin da gangan don farauta da jawo ɓauna ga sabon toho. Ciyawa da furannin wurin idanunsu na toho a ƙarƙashin ƙasa suke, wuta ta wuce ta sama ba ta taɓa su. Ɗan itace kuwa nasa a sama suke, ya ƙone. Idan aka daina ƙuna, busasshiyar ciyawa ta taru shekara bisa shekara ta danne ƙasa, ta hana rana ɗumama ta, gajerun tsirrai irin jenshiyan su shaƙe, sannan ƙananan itatuwa su shigo su yi inuwa. Fili da yawa da garma ta bari, inuwa ce ta ƙarasa su.

Saboda haka a watan Maris da Afrilu, ko bayan kaka, za ka ga ayarin ma'aikata da 'yan sa-kai sanye da rigunan da ba sa kama wuta. Tun kafin ranar an aske wani zobe kewaye da filin. Sai an auna iska da danshi, in ba su yi daidai ba a fasa. Mai riƙe da tulun mai da ke ɗigar da wuta yakan fara daga gefen da iska ke nufa, don wutar ta riƙa rarrafe tana gaba da iska, wasu na biye da goyon tankin ruwa da faifan roba suna kashe duk wadda ta yi ƙoƙarin tsallakewa. Sai baƙin gefen ya yi faɗi sannan a zagaya a kunna ta bayan iska, ta taso da ruri ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya ta mutu. Wanda ya saba ganin gobarar daji da rani a ƙasarmu kada ya ɗauka abu ɗaya ne, wannan da izini ake yi, da lissafi, kuma akan bar wani yanki ba a taɓa ba. Masu kula da irin waɗannan filaye sun daɗe da lura cewa jenshiyan ta fi yin fure a kakar da ta biyo bayan ƙuna.

Sau nawa za a ƙona, a nan ne ake kai ruwa rana. A filin bincike na Konza da ke Kansas, wanda aka kafa a 1971 ƙarƙashin jami'ar jihar, an rarraba ƙasa kashi-kashi, wani a ƙona shi duk shekara, wani bayan shekara 2, wani 4, wani 20. Sakamakon bai ba kowa gaskiya gaba ɗaya ba. Inda ake jinkiri da yawa, itatuwa sun ci wurin. Inda ake ƙonawa duk shekara, dogayen ciyayi sun yi ƙarfi sun danne furanni. Da aka dawo da ɓauna a 1987 sai aka ga wani abu: ita ciyawa take ci, ba ta cika damuwa da masu fure ba, don haka a inda take kiwo yawan nau'o'in tsirrai ya kusa ninkawa. A ɗaya gefen kuma masu nazarin ƙwari suna ƙorafi. Ann Swengel ta daɗe tana jan kunne cewa yawan ƙuna yana hallaka wasu nau'o'in malam-buɗe-littafi da ƙwayayensu ke kwana a cikin ciyawa, Ron Panzer kuma ya nuna cewa mafi yawan ƙwarin sukan farfaɗo cikin shekara ɗaya ko biyu muddin an bar musu wurin fakewa kusa. A babban fili ana iya sasanta su, a ƙona nan bana, can baɗi. A maƙabarta mai eka biyu kuwa, gaba kura ce baya siyaki.

Shi kansa ɗan aiken ba lafiya yake ba. Wani nau'in bambulbi mai tsatsa a gadon baya, wanda a da ya cika gabashin Amurka da tsakiyarta, ya ɓace daga mafi yawan wuraren da aka san shi, har a 2017 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa, shi ne na farko a danginsa da ya shiga wannan jeri. Ana ɗora laifin a kan cututtuka da magungunan ƙwari da rashin furanni. Sauran nau'o'in suna nan suna aiki, amma furen da ya rufe ƙofarsa ga kowa sai dangi ɗaya, duk abin da ya taɓa dangin nan ya taɓa shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Amurkawa sun ƙware wajen sake shuka fireri. Sun fara ne a gandun jami'ar Wiskonsin da ke Madison a shekarun 1930, a filin da daga baya aka sa wa sunan John Curtis, kuma a can ne gwaji ya tabbatar musu cewa ba a yin sa sai da wuta. Betz ya ɗauki aikin zuwa babban mataki a 1975 a harabar cibiyar binciken kimiyya ta Fermilab. An bi da filin Nachusa a 1986 ƙarƙashin ƙungiyar The Nature Conservancy, da Midewin a 1996 a tsohuwar masana'antar makaman soja kusa da Joliet, duk a Ilinoyi, kuma duka biyun yau akwai ɓauna a cikinsu. A Ayowa masu bincike sun nuna cewa idan manomi ya bar kashi 10 cikin 100 na gonarsa ya shuka ciyawar fireri layi-layi, zaizayar ƙasa takan ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Duk wannan aiki ne na a yaba, ban da wata jayayya a kai.

Matsalar ita ce nasarar ta haifar da wata gurguwar fahimta, cewa tunda ana iya shukawa, ba laifi a rushe na asali a biya da sabo a wani wuri. Dogayen ciyayi kam cikin shekara uku ko huɗu sun tashi, mai wucewa a mota ya ce fireri ya dawo. Shiga ciki ka ƙirga. Shuke-shuken farko na shirin gwamnati na hutar da gonaki, wanda aka fara a 1985, sau da yawa ciyawa ce iri kaɗan kawai, alhali fegin asali mai 'yan ekoki yana iya ɗaukar nau'i fiye da ɗari. A sabon fili ciyawar takan yi kauri fiye da kima, ɗan tsiron da bai kai farce ba bai da ta inda zai ga rana. Gaskiya ne farar jenshiyan tana kamawa a sababbin filaye, mai kwalba ma tana yi idan an dace da danshi, ana ma sayar da ita ga masu lambu. Mai gashin ce ke zuwa a makare, in ma ta zo, kuma sai da hannun mutum da haƙurin shekaru. Ko irin da za a shuka ɗin daga ina yake fitowa? Daga waɗancan 'yan fegin ne, inda 'yan sa-kai ke durƙusawa a cikin sanyin Nuwamba suna karkaɗe kwanso a jakar takarda. A ganina duk lissafin da ya daidaita eka ɗaya ta asali da eka ɗaya ta shuke, ko da goma, lissafin dokin rano ne.

An ga wannan muhawara ƙiri-ƙiri a garin Rokfod na Ilinoyi. A harabar filin jirgin saman garin akwai wani tudu mai tsakuwa da ake kira Bell Bowl, ragowar fireri da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Hukumar filin jirgin tana son faɗaɗa sashen dakon kaya, hanya kuma za ta ratsa ta tsakiyarsa. A watan Agustan 2021 aka ga bambulbi mai tsatsar nan a wurin, aikin ya tsaya. Aka yi zanga-zanga, aka je kotu, aka kawo shawarar karkatar da hanyar, aka kuma yi maganar kwashe tsirran a dasa a wani wuri, abin da masana da dama suka ce ba zai maye gurbin komai ba. A watan Maris na 2023 katafila ta shiga, aka bar wani ɓangare. Masu goyon bayan aikin suna maganar guraben aiki ne, kuma ba ƙarya suke ba. Amma wannan ɗaya ne da ya sami 'yan jarida. Wani bincike da aka buga a 2013 ya gano cewa tsakanin 2006 da 2011, lokacin da farashin masara ya tashi, buƙatar man etanol na cikin dalilai, an nome kimanin eka miliyan 1.3 na filin ciyawa iri-iri a jihohi biyar na yammacin yankin masara. A gefen titi da layin dogo kuwa ba a ma buƙatar garma, injin aski a watan Agusta ko feshin maganin ciyawa ya isa.

Ko fegin da ya tsira daga duk wannan, tsugune ba ta ƙare masa ba. Tsirrai ashirin ko talatin a wata maƙabarta, 'yan'uwansu mafi kusa suna nisan da ƙuda ba zai kai ba, dole su yi ta auren gida, iri ya riƙa raunana. Barewa takan cinye kawunan furen, tsutsa takan shiga kwanso ta cinye ƙwayoyin kafin su nuna. Shi ya sa wasu masu kula da filaye suka fara ɗaukar iri daga wannan fegi zuwa wancan, aikin da a da iska da ƙuda ke yi kyauta. A nan ma kansu ya rabu. Tsofaffin hannu sun tsaya a kan cewa kada iri ya fito daga nesa, domin kowane yanki tsirransa sun saba da ƙasarsa da lokacin sanyinsa. Wasu kuma suna cewa yanayi yana ɗumama, gara a gauraya da irin da ya fito daga kudu tun yanzu. Tsiron da ke shafe shekaru kafin furen farko ba ya saurin raba gardama, kuma da yawa daga cikin filayen da za a gwada abin a kansu suna hannun ƙananan hukumomi da kwamitocin maƙabarta da 'yan sa-kai, waɗanda ko kuɗin ƙuna na shekara sai sun yi da gaske suke haɗawa.